Injiniya Mai Faci da Dizal Marar Metanol

A bakin titin unguwar akwai wani mai facin taya da ba ya yarda a kira shi mai faci. A allon da ya kafa gaban rumfarsa ya sa an rubuta masa "Injiniyan Tayoyi da Sauran Matsaloli", da yake kuma mutane ba su da lokacin gardama da shi, sai suka bar masa Injiniyan. In ka kawo masa taya, kafin ya gano inda ƙusa ta shiga ya riga ya gaya maka abin da ke damun tattalin arzikin duniya, da dalilin da ya sa jirgin sama ba ya faɗowa, da kuskuren da likitanka ya yi a kanka. Sau da yawa mai mota yakan tafi da ilimi cike da kai, tayarsa kuwa ta sace kafin ya sha kwana.

Yayar matarsa malamar kimiyya ce da ta yi ritaya. A bayan gidanta ta yi 'yar rumfa inda take haɗa dizal daga man da masu suya suka gama amfani da shi. Takan tace man, ta ɗumama shi, ta zuba masa wani sinadari mai suna metanol da 'yar soda da ta auna a kan sikeli, ta gauraya, ta bar shi ya kwanta, sannan ta tsiyaye na saman. Da wannan dizal ɗin ne injin famfon unguwa yake aiki, shi ne ke turo ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa babban tankin da gida arba'in ke ɗiba. Shekara uku ana haka, ba wanda ya taɓa jin kan injin da Malama.

Ran wata Talata da yamma Malama ta sa aka tara mutane a gindin tankin. Ciyaman na kwamitin ruwa, wani tsohon tela mai raunin zuciya, ya zauna a kan bokiti. Malama ta bayyana musu cewa kuɗin metanol ya ninka sau uku cikin wata biyu, man suyan ma yanzu wata motar kamfani ce ke zagayawa tana kwashe shi da tsada kafin ita ta isa. Abin da ya rage a cikin injin zai kai Asabar, daga nan kuma sai an haɗa hannu an sayi ganga guda a sari, wanda ba zai iso ba sai bayan mako biyu. Kafin nan dai kowa ya riƙa lallaɓa ruwan da ya samu.

Nan fa Injiniya ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa, ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Yaya Malama, da girmanki da iliminki, amma metanol ɗin nan ado ne kawai. Masu sayar da shi ne suka tsorata ku. Ni na ga yadda ake haɗa abin nan da idona."

"Ƙanena," in ji Malama, "mazurari ka riƙe min, sau ɗaya, shi ma a juye."

"Na juya shi ne don in gwada ki."

Aka kwashe da dariya, shi kuwa ya ɗauka tafi ake yi masa. Nan take ya bugi ƙirji ya ce ran Asabar da hantsi zai kawo ganga guda ta dizal wanda ko ɗigon metanol babu a ciki, kuma ba ya son ko sisin kowa, sai dai a ba shi minti goma ya yi jawabi. Ciyaman ya dubi Malama, ya dubi tankin, ya ce ai gwaji ba laifi ba ne. Matar Injiniya, wadda ke kitso a shagonta da ke kusa, labari ya iske ta kafin mijin ya iso gida. Matar da take yi wa kitso a lokacin ta ce ranar an ja mata gashi fiye da kullum.

Washegari Injiniya ya rufe rumfar faci ya ɗauki jarkoki ya shiga neman mai. Mai soya dankali ta ce motar kamfani ta riga shi. Mai soya kaza ya ce nasa an saya tun bai gama suya ba. Sai mai soya kifi ce ta tausaya masa, ta nuna masa wata tsohuwar jarka a bayan teburinta, ta ce wannan ko kamfanin da suka buɗe suka shinshina rufewa suka yi suka bar mata. Injiniya ya buɗe, idonsa ya kawo ruwa, ya ce wannan ƙarfin warin shi ne alamar ƙarfin mai. Ya saɓa jarkar ya tafi, kyanwa biyu suka bi bayansa.

Man kifin bai kai rabin abin da yake so ba, don haka ya zarce wajen mahauci ya ce a tara masa kitse. Mahauci ya tambaye shi ko miya za a yi wa unguwa gaba ɗaya. Injiniya ya bayyana masa cewa saniya ai mota ce mai ƙafa huɗu, kitsen jikinta kuma shi ne man da take tafiya da shi, saboda haka abin da ya tuƙa saniya zai tuƙa inji. Mahauci ya ce shi dai shekara ashirin yana yanka shanu bai taɓa samun wadda ke da salansa ba, amma ya cika masa bokiti biyu. Kafin ya isa gida kyanwoyin sun zama bakwai, har da wani kare mai kunne ɗaya da ke biye da su daga nesa kamar mai sa ido.

Saura abin da zai maye gurbin metanol. Injiniya ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi nazari. Metanol dai ruwa ne garai-garai, yana da wari mai hawa kai, yana kuma kama wuta. Duk abin da ya cika waɗannan sharuɗɗa uku, a ganinsa, ɗan'uwan metanol ne, sunan ne kawai ya bambanta. Ya je kyamis ya sayi kwalaben sifirit ɗin goge ciwo guda shida, da man tsabtace hannu roba huɗu. Mai kyamis ya tambaya ko wani haɗari aka yi, Injiniya ya ce a'a, haɗarin tsada ne ya zo magancewa. Daga nan ya bi ta wajen mai turare ya kwashe ragowar kwalaben da suka ƙi sayuwa, wani mai ƙamshin furanni, wani mai ƙamshin lemo, wani kuma mai turaren da kansa ya ce bai san ƙamshin mene ne ba.

Ran Alhamis, da matarsa ta fita shago, ya tsaya a tsakar gida yana tunanin abin da zai gauraya kayan a ciki. Malama tana da tukunyar ƙarfe mai injin juyawa. Shi kuma idonsa ya faɗa kan injin wankin matarsa, wanda ta yi shekara biyu tana tara kuɗin kitso kafin ta saya, har riga ta ɗinka masa don kada ƙura ta taɓa shi. Injiniya ya cire rigar ya ninke da ladabi. A ransa ya ce ai aikin ɗaya ne, juyawa ce.

Ya narkar da kitsen a babbar tukunya, warin ya tashi ya zaga unguwa. Maƙwabta suka fara leƙowa ta kan katanga, direban tasi da ke gidan dama, da matar mai gadi da ke gidan hagu, da wata tsohuwa da aka ɗora a kan kujera don kada ta rasa kallo. Da Injiniya ya ga ya samu 'yan kallo, sai ya juya musu fuska yana bayani, hannunsa na zuba kaya a cikin injin ta baya ba tare da ya duba ba. Man kifi ya shiga, kitse ya bi, sifirit da man hannu da turare suka bi sahu. Da aka zo kan soda, ya ce Malama na auna ta a sikeli kamar mai sayar da zinariya, wannan rowa ce ke hana dizal ɗinta ƙarfi. Ya kamfato kwano guda ya zuba, ya ƙara rabi saboda albarka.

Direban tasi ya tambaya wane maɓalli zai danna. Injiniya ya ce na wankin bargo, tunda aikin mai nauyi ne.

Da farko injin ya juya a hankali kamar mai tunani. Sai ya fara gurnani. Sai ya fara rawa. Kafin a ankara ya baro inda yake, yana tsalle yana nufar ƙofar gida, wayar wutarsa na jan bokitai. Injiniya ya rungume shi ta baya, injin ya tafi da shi taku uku, ya haye kan murfin ya zauna, haƙoransa na haɗuwa, yana gaya wa maƙwabta cewa wannan girgizar ita ce ake kira haɗuwar sinadarai. Tsohuwar da ke kan kujera ta ce ita dai ta ga masu hawan jaki da yawa, amma ba ta taɓa ganin wanda jakin ya fi shi natsuwa ba sai yau. Daga ƙarshe injin ya yi wata ƙara, ya fitar da hayaƙi ta ƙasa, ya tsaya cak.

A daidai wannan lokacin matarsa ta shigo. Ta tsaya ta dubi rigar injin a ninke a kan igiya, ta dubi kyanwoyi a jere a kan katanga, ta dubi mijinta a zaune a kan abin da ta fi so a gidan bayan 'ya'yanta.

"Maigida, sauko."

"Ki bari ya huce tukuna, ana cikin aiki."

"Farar rigarka da ka ce in wanke maka ta jawabin Asabar, ka fitar da ita kafin ka zuba?"

Injiniya ya sauko. Ya buɗe murfin, ya sa sanda ya laluba cikin wani abu mai kauri ruwan ƙasa, ya ɗago wani tsumma da a da riga ce. Hannu ɗaya ya rage mata. Ya dube ta ya ce dama auduga tana taimakawa wajen tacewa, da gangan ya bar ta. Matarsa ta shiga ɗaki ta kira yayarta a waya.

Malama ta zo da safar hannu. Ta ɗebi abin da cokali, ta ɗaga, ya zubo a hankali yana jan zare. Ta ce wannan ba dizal ba ne, sabulu ne ke shirin zama, shi ma sabulun da soda ta yi wa yawa, kada wanda ya taɓa shi da hannu sai ya kwana biyu, kada kuma a kusantar da shi ga kowane inji. Injiniya ya ce dama ya san za a yi haka, duk wanda ya zo da sabon abu a duniya 'yan'uwansa ne ke fara yi masa hassada. Malama ta ce ita ba 'yar'uwarsa ba ce, auren ƙanwarta ne ya jawo mata shi.

Ran Juma'a Malama ta je ta gargaɗi Ciyaman. Ciyaman ya rikice, ga maganar mai ilimi, ga kuma tanki ya kusa ƙasa, matan unguwa sun fara tsayawa a ƙofar shagonsa suna kallonsa. Injiniya ya ce a yi gwaji a gaban kowa. Ya tsoma tsumma a saman gangar da ya juye abin a ciki, inda sifirit da turare suka taru, ya ƙyasta ashana. Wuta ta tashi fuu, ta lashe masa rabin gashin baki da gira ɗaya. Yana tsaye fuska na hayaƙi ya tambayi Ciyaman ko ya taɓa ganin sabulu ya yi haka. Ciyaman ya ce gaskiya bai taɓa gani ba. Aka tsayar da magana a kan gobe.

Asabar da hantsi unguwa ta hallara a gindin tanki, kowa da bokitinsa. Injiniya ya iso cikin rigar aro da ta yi masa kaɗan, ya zana girar da ta ƙone da kwallin matarsa, yana turo gangar a baro, kyanwoyi goma sha ɗaya na take masa baya. Ya buɗe gangar ya karkata ta a kan mazurari. Ba abin da ya fito. Ya jijjiga, ya buga gefenta, shiru. Da aka leƙa sai aka ga abin ya daskare, har wanda ya sa yatsa ya ce yana iya sa hannu a kai kamar takarda.

Injiniya ya ce wannan ai ci gaba ne, dizal ne da ba ya zubewa a hanya, ɓarawo ma ba ya iya zuƙe shi da tiyo. Ya sa aka haɗa wuta aka ɗora gangar har abin ya narke, sannan ya ɗura shi da zafinsa a cikin tankin injin. Malama ta ja Ciyaman gefe ta ce masa karo na ƙarshe ya hana. Ciyaman ya ce an riga an zuba. Ta koma ta zauna a inuwa ta naɗe hannu.

Injiniya ya ja igiya, injin ya tashi. Ruwa ya fara hawa bututu yana zuba a tanki, mata suka yi guɗa, Ciyaman ya share hawaye. Injiniya ya hau kan bencin da aka kawo masa, ya zaro takarda shafi huɗu daga aljihu, ya fara da gode wa kansa bisa haƙurin da ya yi da masu shakka. Ya ce daga yau sunan metanol ya fita daga unguwar nan, gobe kuma zai fita daga duniya.

Yana shafi na ɗaya warin ya iso, kifi da furanni da wani abu na uku. Mutane suka ja mayafi da hula suka toshe hanci. Yana shiga shafi na biyu injin ya yi tari. Ya sake tari, ya yi atishawa, ya yi wani nishi kamar tsohon da ya hau bene. Injiniya ya ɗaga murya ya ce injin yana sabawa ne da abinci mai gina jiki. Sai tiyon mai ya fashe, abin ya yi tsiri sama kamar igiya, ya sauko a kan Ciyaman, da bencin, da simintin da ke kewaye da famfo. Injin ya girgiza sau ɗaya ya mutu.

Direban tasi ya ga hayaƙi na fita, ya ɗauka gobara ce, ya fizge bokitin da wata mata ta cika da ruwa ya watsa. Wasu suka ga ya watsa suka bi sahu, wani ma ya buɗe babban famfon tanki gaba ɗaya. Ruwan da unguwa ke lallaɓawa tun Talata ya kwarara a kan simintin, ya haɗu da abin Injiniya, ƙafafu suka yi ta dama shi, kumfa ta tashi. Matar mai gadi ce ta fara zamewa, ta riƙo direban tasi, shi ya riƙo mahauci, mahauci ya riƙo Ciyaman, su huɗu suka tafi a jere har bakin kwata. Injiniya ya ce kowa ya natsu ya tsaya inda yake, ya taka ƙasa don ya nuna yadda ake tsayawa, ƙafafunsa suka yi sama, ya tafi da baya ya faɗa zaune a cikin baro, baron ya gangara da shi ya kife a gaban Malama.

Ya ɗago kai daga cikin kumfa, girar kwalli ta gangaro har kumatu.

"Yaya Malama, kin dai gani da idonki. Minti huɗu ya yi yana aiki ba metanol."

"Ragowar nawa ne da ke cikin tiyo. Naka yana isa ya mutu."

Makanikin da aka kira ya kwance injin, ya ce tun da yake aiki bai taɓa cire mai da cokali ba sai yau, kuma kwana biyar zai yi kafin ya tsabtace shi. Ciyaman, yana matse hularsa, ya yanke hukunci a wurin ba tare da ya nemi shawarar kowa ba, abin da bai taɓa yi ba tun da aka zaɓe shi. Injiniya zai riƙa turo ruwa a kura daga unguwar gaba yana raba wa gida arba'in har injin ya tashi. Ragowar abin da ke cikin ganga kuma, in ya kwana biyu ya huce, a yanka kowa ya ɗauka, tunda Malama ta ce zai yi wanki.

Wankin kuwa ya yi, yana fitar da datti sosai, sai dai warin kifin ba ya fita. Mako guda duk ɗan unguwar da ya shiga motar haya sai mutane su matsa su bar masa kujera biyu. Injiniya, yana tura kura gumi na ɗiga ta haɓarsa, ya riƙa tsayar da mutane yana tambayarsu wa ya taɓa samo musu irin wannan daraja a mota kafin shi.

A rana ta biyar ya dawo gida da la'asar, ya tarar matarsa ta tara masa wankin gidan gaba ɗaya a tsakar gida, tulin ya kai ƙugunsa, ga baho, ga guntun sabulunsa a kai. Ta ce tunda injin wanki ya rasu a hannunsa, shi ne magajinsa. Ta ɗauki jakarta ta tafi gidan yayarta shan shayi.

Injiniya ya zauna a kan kujera 'yar tsuguno ya fara cuɗa zanen gado. Can ya ɗaga kai ya ga kyanwoyin sun jeru a kan katanga, sun zuba masa ido, ba mai motsi. Ya dube su, ya dubi ƙofa, ya goge hannu a riga, ya laluba aljihu ya zaro takardar nan da ta bushe ta cukurkuɗe. Ya yi gyaran murya, ya ci gaba daga shafi na biyu. Har ya kai ƙarshen shafi na huɗu ba wanda ya katse shi.